Jifan Tom Brady da Giwan Ruwan Matan Fada: Wa Ke Riƙe Mana Lissafi?

A Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, alhali kuwa yawancinsa da hannu ake yi. Ƙwallon da suke wasa da ita doguwa ce kamar gwanda, 'yan wasan kuma sai sun sa hular kwano da sulke a kafaɗa saboda irin karon da ake yi. Kowace ƙungiya tana da mutum guda wanda wasa ke tashi daga hannunsa, suna ce masa kwatabak, mu kuwa ba laifi mu kira shi madugu. Shi ke karɓar ƙwallo, ya ja da baya, ya duba fili cikin daƙiƙa biyu ko uku kafin ƙarti su danne shi, sannan ya jefa wa abokinsa da ke gudu can gaba. Idan abokin ya cafe a cikin gidan abokan karawa, ko ya cafe ya ruga da ita ciki, an ci maki 6, sai a rubuta wa madugu jifan ci guda. Haka ake ta tara masa, wasa bayan wasa, shekara bayan shekara, har ranar da zai ajiye hular kwanonsa.

Wannan lissafi yana da silsila kamar ta sarauta. Johnny Unitas ya bar fage bayan kakar 1973 da jifan ci 290, babu wanda ya kai shi a lokacin. Fran Tarkenton ya wuce shi, ya tsaya a 342. Lambar Tarkenton ta yi shekara da shekaru tana jiran mai ture ta, sai a 1995 Dan Marino ya ture ta, ya kai 420. A 2007 Brett Favre ya karɓe kambin, ya tsaya a 508. Ranar 19 ga Oktoba, 2014, Peyton Manning ya yi jifansa na 509, aka tsayar da wasa ana murna, ƙwallon kuma aka kai ta gidan tarihin wasan da ke garin Canton a jihar Ohio. Manning ya yi ritaya da 539. A Disambar 2019 Drew Brees ya wuce shi, suka yi ta karɓe-karɓe da Tom Brady, har Brees ya haƙura a 571. Brady, wanda sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a waiwaye shi a ɗaukar sababbin 'yan wasa ta shekarar 2000, ya yi kaka 23 a gasar NFL, ya yi ritaya a farkon 2023 yana da shekara 45 da jifan ci 649, ban da na wasannin neman kofi.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗan Birnin Kebbi da wasan da ko filinsa babu a ƙasarmu. Ni ma ba masoyin wasan ba ne. Wani ƙanena ɗalibi ne ya jawo ni ciki, shi da ba ya rabo da wayarsa, yana bin wasannin duniya a intanet har waɗanda bai taɓa taɓa ƙwallonsu ba. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida ya zayyano mini sunayen nan da lambobinsu ba tare da tuntuɓe ba, kamar mai tilawa. Na ce masa, "To, malam ɗalibi, ga Argungu nan, tafiyar da ba ta kai sa'a ɗaya ba a mota. Faɗa mini nauyin kifin da ya zo na ɗaya a bukukuwa biyar a jere, da garuruwan waɗanda suka kama." Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wannan kuma a ina zan gani?" Mutanen da ke zaune tare da mu suka sa baki, kowa da lambarsa. Wani ya rantse an taɓa kama mai kilo 100, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce a zamanin kakansa an kama wanda sai da aka ɗora shi a kan amalanke. Aka tashi sallar magariba ba a daidaita ba.

Ban ga laifin yaron ba. Abin da aka rubuta aka jera shi ya samu ya haddace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bikin da muke tinƙaho da shi a gaban duniya ya girmi kowane ɗaya daga cikin madugan nan banda Unitas, amma labarin gwanayensa a warwatse yake, wani a tsohuwar jarida, wani a jawabin biki, wani a kan tsofaffi.

Asalin bikin dai sananne ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu wajen Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabawa tun faɗuwar Birnin Kebbi a hannun mayaƙan jihadi a 1805. Don girmama baƙo aka shirya gagarumin su, daga nan abin ya zama al'ada. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifi ba zai manta ba: dubban masunta sun jeru can nesa da gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, ana jin ƙarar bindiga sai ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwa ya koma baƙi da kawunan mutane, makaɗa na bin su a kwale-kwale. Cikin kamar sa'a guda an gama, sai a koma wajen sikeli. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Lambobin da suka tsira sun nuna irin labarin da ke kwance a wurin. A 2005 kifin da ya yi nasara kilo 75 ne, sai da maza huɗu suka ɗaga shi zuwa kan sikeli. Shekarar da ta biyo baya, 2006, an hana kamun saboda ƙarancin ruwa. Bayan bikin 2009 aka yi shekara goma cur ba a yi ba, galibi saboda matsalar tsaro. Da aka dawo a watan Maris na 2020, na ɗaya ya fito da giwan ruwa mai kilo 78, na biyu 75, na uku 70, aka yi wa gwani ruwan kyauta, da mota da kujerar Makka da kuɗi masu kauri. Sunansa ya yi kwana biyu a jaridu da rediyo, daga nan duniya ta juya ga annobar korona.

Kada a ce mu mutane ne marasa adana tarihi. Muna da hanyarmu, kuma ba ƙaramar hanya ba ce. Kundinmu shi ne bakin maroƙi da kalangun makaɗi. Wanda bai taɓa ganin Shago a fagen dambe ba ya san shi, domin Ɗan Anace ya sa shi a waƙa, waƙar kuma ta fi duk wata takarda yawo. Kanta da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, kirarinsa na nan a bakin yara. Waƙa tana riƙe abin da lamba ba ta iya riƙewa: tsoron da gwani ke jefawa a zukata, tafiyarsa, fushinsa, kyautarsa. Lambar 649 ba ta gaya maka komai game da halin Brady.

Sai dai waƙa tana da gibi biyu. Na farko, wanda ya samu mawaƙi shi ke rayuwa. Masuncin da ya zo na biyu sau uku, ya zo na uku sau biyu, wanda watakila ya fi kowa sanin ruwa a zamaninsa, ba shi da kowa, domin maroƙi gwanin ranar yake bi. Na biyu, kifin waƙa ba ya daina girma. Kowace shekara sai an ƙara masa taƙi guda, har ya kai inda jikan masunci zai ji ya ce tatsuniya ce, ya watsar da gaskiyar tare da ƙarin gishirin.

Akwai wani dattijo a dangin mahaifiyata, Basarke ne da ya tsufa a ruwa, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro nakan bi shi gyaran koma a inuwar gidansa. Da na girma na taɓa tambayarsa kifi mafi girma da ya kama kilo nawa ne. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, sa'ad da munka tashi wa ya san kilo? Maza nawa sunka ɗauke shi, shi a awonmu." Na ce, "To Baba, naka maza nawa?" Ya ce uku, har da shi. Sannan ya shiga lissafa mini gurabun da giwan ruwa ke kwanciya, da watan da yake hawowa, da shekarar da ruwa ya ƙi zuwa har aka taka wani gurbi da ƙafa. Ba ni da biro a hannu a ranar, shi kuwa bai ga abin rubutawa a ciki ba, tun da kowa a tsararsa ya sani. Tsarar tasa yanzu saura ƙalilan.

Ba sai mun haye teku ba kafin mu ga yadda ake haɗa waƙa da lissafi. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar kokawa ta takobin ƙasa a 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Tun daga nan kowace shekara an san garin da aka yi, da wanda ya ɗauka, da wanda ya kayar. Shi ya sa da Isaka Isaka na Dosso, jihar da ke iyaka da mu, ya ɗauki takobi karo na shida, ba a tsaya musu ba, kowa ya san ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Makaɗa ba su rasa aikinsu ba saboda an rubuta. Lambar ma sai ta ba su abin faɗa. Haka ƙwallo 37 da marigayi Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya suka zama ma'aunin da ake gwada duk ɗan gaban da ya taso. Yaro ba ya iya ƙudurta wuce abin da ba a auna ba.

Amma babban darasin da na ɗauka daga lissafin Amurkawa ba a tsawon jerin yake ba, a yadda masu hankalinsu ke karanta shi yake. Ba wanda ya san wasan da zai ce Brady ya ninka Unitas iyawa don 649 ta ninka 290. Lokacin da Unitas ya fara, wasa 12 ake yi a kaka. Aka mayar 14 a 1961, aka mayar 16 a 1978, aka mayar 17 a 2021. A 1978 ɗin kuma aka sauya dokoki, aka taƙaita yadda masu tsaron baya ke tare mai zuwa cafe ƙwallo, aka sassauta wa masu kare madugu. Daga baya aka yi ta ƙara dokokin da ke hana a ji wa madugu rauni, likitanci ya ci gaba, mutum ya iya kaiwa shekara 40 yana wasa. Saboda haka lambar tana ba da labarin mutum, tana kuma ba da labarin zamaninsa, kuma ba a iya raba su sai don an rubuta duka biyun.

Bugu da ƙari, jifan ci aikin hannu biyu ne, na mai jifa da na mai cafewa. Cikin 539 na Manning, 112 mutum ɗaya ne ya cafe su, Marvin Harrison. Ga kuma ƙarti biyar da ke tsaye gaban madugu suna shan duka don ya samu daƙiƙoƙin da zai duba fili. Sunan mutum ɗaya ake rubutawa a sama, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma littafinsu ya san haka, domin kowane jifa an rubuta wanda ya cafe shi.

To mu dawo Matan Fada da wannan ido. Masuncin da ya rungumo giwan ruwa mai kilo 78 jarumi ne, babu ja, domin kifi mai nauyin babban mutum ba ya miƙa wuya cikin ruwa da lalama. Sai dai in mun bi misalin can, shi mai cafewa ne. Masu jifan su ne waɗanda suka bar kifin ya girma: Sarkin Ruwa da mutanensa da ke tsare wurin, da dubban masunta da suka yarda suka ɗauke komarsu daga wannan yanki tsawon shekara alhali suna da iyali, da kogin kansa da ya kawo ruwa da abinci. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a damina ɗaya ko biyu. Duk kifin da ya hau sikeli a Argungu sakamakon haƙurin shekaru ne na jama'a guda.

Nan ne maganar ta wuce wasa. Nauyin kifin da ke cin gasa shaida ce da kogi ke bayarwa a kan lafiyarsa sau ɗaya a shekara, a gaban sarakuna da gwamnoni. Kogin nan kuwa ba shi ne na 1934 ba. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, aka kammala ta Goronyo a kan Rima a 1984, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama kowace shekara, inda kifi ke hayayyafa, ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam. Noman shinkafar rani ya bunƙasa a kwarin nan, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, injinan ban-ruwa suka cika fadama. Alheri ne babba, ni ma gidanmu muna ci daga ciki. Amma shinkafa da kifi daga tulu ɗaya suke sha. Ga yashi da ke cike gurabu, ga koma mai ƙananan idanu da ba ta barin ɗan kifi. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci kamar 2006, wata ya yi yawa ya cinye gonaki kamar daminar 2020.

Idan tsoho ya ce kifin da ya fi na yanzu, mai riƙe da muƙami zai iya cewa ɗokin ƙuruciya ne. Idan kuwa aka ajiye masa jeri na shekara sittin ko saba'in, ga nauyin na ɗaya zuwa na goma, ga zurfin ruwa a ranar, ga adadin masunta, to magana ta ƙare, ko dai jerin ya kwantar mana da hankali ko ya tashe mu tsaye. Ranar da za a zauna rabon ruwa tsakanin mai shinkafa da mai wutar lantarki da mai famfon birni, kowa zai zo da takardunsa. Masunci bai kamata ya zo da kirari kaɗai ba.

Na san akwai masu ƙyamar wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa kamun kifi rabo ne, wanda Allah Ya ciyar shi ke kamawa, kuma bikin an kafa shi don zumunci da sulhu, in aka cika shi da lissafi sai ya koma kasuwa. Sukan kawo abin da ya faru a 2008, lokacin da aka gano cewa kifin da aka ba na ɗaya, mai kusan kilo 66, mushe ne da aka shigo da shi daga wani wuri, har aka karɓe kyautar. Gaskiya ne, inda lamba ta zama kuɗi, maguɗi na biye. Su ma Amurkawa ba su tsira ba: shi kansa Brady an dakatar da shi wasa huɗu a 2016 kan zargin rage iskar ƙwallo. Amma abin lura, ba su goge wannan daga littafi ba, yana nan kusa da 649. Abin da ya tona asirin 2008 ma ai bincike ne da idon masana kifi, wato ƙarin tantancewa. Sikeli ya riga ya shigo bikin, kyauta ta riga ta yi tsoka. Abin da ya rage shi ne a yi awon da gaskiya, a kuma adana shi. Batun rabo kuwa, rubuta abin da Allah Ya bayar ba jayayya ba ce da Mai bayarwa. Manomi ma yana ƙirga dammansa kafin ya fitar da zakka.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangila. A 2034 bikin zai cika shekara 100. Kafin nan, a samu kundi guda, buɗaɗɗe ga kowa, mai ɗauke da kowace shekara: an yi ko ba a yi ba, da dalili, sunayen gwanaye da garuruwansu, irin kifin da nauyinsa, yanayin ruwa, wanda ke riƙe da sarautar Sarkin Ruwa da ta Homa a lokacin, har da zakarun wasannin kabanci, masu tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa, waɗanda tafi ɗaya ake yi musu a manta. Inda aka samu lamba a rubuta lamba. Inda awon tsofaffi kaɗai ya rage, a rubuta "maza uku suka ɗauka", a kuma rubuta wanda ya faɗa. Mazaunin wannan kundi a bayyane yake, wato gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, tare da kwafi a intanet don irin ƙanena.

Ma'aikatan ma muna da su. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha a Aliero. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa su ƙare da maimaita abin da aka riga aka tauna. A raba musu shekarun, wannan ya ɗauki 1970 zuwa 1975, wancan ya ɗauki na gaba. Su shiga tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, su nemi faifan gidajen rediyo, su zauna gaban tsofaffin Sarkawa da waya mai ɗaukar murya. Ɗalibin Hausa ya kwaso kirari, na tarihi ya daidaita shekaru, na kimiyyar kifi ya fassara abin da lambobin ke cewa. Masarauta ta sa albarka, domin tsoho ba ya buɗe cikinsa ga baƙo sai ya ji daga sama.

Takarda tana iya jira, tsofaffi ne ba sa jira. Duk damina sai mun rufe wani da ya san abin da ya hau sikeli a shekarun da ba mu da hotonsu. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida, kada ya jira kwamiti, ya same shi gobe da safe da biro da takarda, ya tambaye shi shekara, da gurbi, da adadin mazan da suka ɗauka. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci kogin da suka bar mana, Ya ba mu ikon miƙa shi ga na baya da kifinsa da labarinsa.